Dakta Muntaka da Gyaɗar Illo

Da an idar da sallar asuba, Dakta Muntaka Alhassan kan zauna a zaurensa na Isa, ya jera ledojin ƙasar gonaki, ya kusanto da su dab da fuska don ya karanta sunayen masu su. Idanun sun fara gazawa. Shekara talatin da biyu ya yi a jami'a yana binciken sinadarin boron, bana ya ajiye aiki ya dawo gida, kuma har yau ba a samu mutum ɗaya da ya zo koyon awon ƙasar gona a wurinsa ba. Wallahi abin na ci mini rai.

Shi ya gano abin da ke sa gyaɗar Unguwar Lalle ta yi ganye shar, a fasa kwanso a tarar ba ƙwaya. Jigawar ce ba ta riƙe boron, ruwan sama na wanke shi. Shekara tara ya yi yana haɗa wani farin garin boron mai narkewa a hankali. Sai dai kowace gona da nata awo, in ya ɗara kaɗan ya zama guba.

Ya faɗa, ya maimaita. Ina! Wani manomi, Illo, ya ga murfin kwalba ɗaya ya cika masa buhuna, da wata daminar ta zo sai ya zuba kwano guda. Gona ta ƙone ƙurmus. Ya iso zaure yana huci.

"Dakta, maganinka ya kashe min gujjiya!"

"Nawa nic ce ka sa?"

"To, ni na ga kaɗan ya yi aiki..."

"Illo, haka kaka yi wa miyarka da gishiri?"

Dakta ya yi faɗa har rawaninsa ya warware. Washegari kuma ya hau babur, ya bi hanyar da direbobi ke tsoro, ya je ya ɗebo ƙasar gonar don ya ga yadda za a ceto ta.

Dakta, kai ne mai faɗa da baki, gyara da hannu. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma masu digirin kimiyya da ke zaman shayi a Sabon Birni, haba! Ku ɗauki biro ku je zauren nan tun yana iya nuna muku. Jiya leda ya miƙo mini, ya ce in karanta masa sunan da ke jiki, kuma rubutun hannunsa ne.