Randar Kofur Bawa

Bana shekara takwas ke nan da muka rasa kakana, Kofur Bawa, ɗaya daga cikin mazan jiyan da suka yi yaƙin basasa. Ni ce jikarsa ta fari, wadda yake kira "uwargida" don tsokana, ni kuma ina ce masa ban auren tsoho mai ɗingishi. Allah Sarki! Har yau in na ji ƙarar sanda a kan tsakuwa sai na waiga.

Da ya aje kaki, ƙauyenmu ya dawo, kusa da Maiyama, ya kama noman gero da albasa. Mutum ne mai faɗa kamar zakara, amma bai cika ba mu labarin fagen fama ba. Abin da kowa ya san shi da shi, randa ce. Ya girke ta a ƙofar gida, bakin hanyar da masu zuwa kasuwar Jega ke bi, ga moɗa rataye a ƙusa. Kullum da safe sai ya ga an cika ta kafin ya karya. Manomi ya sha, makiyayi ya sha, mai kai albasa Aliero ya tsayar da jakinsa ya sha.

Mu jikoki mu ke shan wahalar ɗebo ruwan. Ran nan na tura baki na ce don me za mu riƙa shayar da waɗanda ba mu ko sani ba? Na ɗauka zai ɗaga sanda. Sai ya zaunar da ni, ya naɗe wando ya nuna mini tabon harsashi. Ya ce a can Kudu aka harbe shi, ya kwana cikin daji ƙishi na neman kashe shi. Wata tsohuwa ta mutanen da suke yaƙa ta same shi. Ta ga kakinsa sarai, amma ta ɗaga kansa ta ba shi ruwa. "Ba ta tambaye ni ko ni wane na ba," in ji shi. "Ba a tambayar mai ƙishi sunan ubanai." Ko a ciwon ajalinsa, da ya farfaɗo, tambayarsa ita ce ko an cika randa.

To, yau zamani ya juya. Tsoro ya shiga tsakanin mutanen da suka tashi tare, baƙo ya zama abin zargi. Maƙwabta suka samu Baffa Sani, ɗansa da ke riƙe da gidan, suka ce randar nan tana tara baƙin ido, wa ya san wanda ke fakewa da shan ruwa yana ƙidaya shanun mutane? Ban ga laifinsu ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Baffa ya mai da randa cikin gida.

Me Kofur zai ce da yana raye? Na san dai da unguwa ta ji muryarsa. Shi da ya ga yaƙi da idonsa ya fi mu sanin inda ƙin juna ke kai mutane.

Da na je gida bara da bazara, na tarar da gurbin randa wayam, na yi ta mita, Baffa ya yi kunnen uwar shegu da ni. Muna zaune a zaure da tsakar rana sai ga wata Bafulatana da goyo, tana jan yarinya. Yarinyar ta saki hannun uwa, ta ruga wurin ƙusar da ta saba, ta miƙa hannu. Babu moɗa. Uwar ba ta roƙi kowa ba, ta ja ɗiyarta suka wuce cikin ranar nan.

Baffa ya tashi ya shige cikin gida. Sai ga shi rungume da randa, yana nishi, yana kiran matar ta dawo. Wallahi kuka na yi.

Lambobin yabon Kofur sun ɓace, gara ta cinye akwatin kakinsa. Abin da ya rage nasa yana ƙofar gida, cike da ruwa. Allah Ya jiƙan mijina mai ɗingishi, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar, ba tare da an tambaye shi ko shi wane ne ba.