Allurar da Inna Ta Hana

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta. Karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron in faɗi abin da likita ba ta faɗa ba, wani ya ɗauka ya yi aiki da shi, alhakin ya hau kaina. Sai da Yayana, wanda dominsa aka yi tafiyar, ya ce in rubuta, sannan na yarda.

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, ni da shi. Shekarun baya an taɓa gaya masa yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, bai mai da hankali ba tunda ba ya jin komai. Bana cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, a gida kowa ya yanke cewa ciwon daji ne. A bakin zaure Inna, mahaifiyarmu, ta riƙe hannun rigata ta ce, "Daji ba ya son allura. Kada ka bari su soka masa ƙarfe." Na ce to.

Kuɗin mota ya sake hawa, direba ya ce a tambayi masu gidan mai. Na roƙa wa Yaya kujerar gaba. Hanya da sauƙi har Giwa, masara ta yi kyau dama da hagu, amma ban more kallo ba, don duk ramin da muka faɗa fuskarsa nake dubawa. Shi kuwa barcinsa ya yi.

Asibitin da ke Shika gari guda ne. Masu jinya sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin itatuwa, kowa da kular abincinsa da butarsa. Rana ta take kafin layi ya zo kanmu. Likitar mace ce, Bazazzagiya, mai magana a hankali. Ta danna cikinsa, ta ce za a ɗebi jini a kuma yi hoton hanta. Na daure na gaya mata saƙon Inna.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, na sha jin wannan. Allura ba ta tayar da shi. Bari in gaya maka abin da ke tayar da shi."

Ga yadda na fahimta. Hanta, kamar sauran jiki, an gina ta da ƙananan ƙwayoyin halitta. Kowace ɗaya ba ta rabuwa biyu sai saƙo ya zo mata daga waje cewa ana bukatar ƙari. Saƙon yana tsayawa a bakin ƙofarta, a riƙa miƙa shi hannu da hannu har can tsakiya. Ta ce kamar bas ɗin Samaru ne, direba ba ya tashi sai kwandasta ya bubbuga jikin mota. To ita ƙwayar cutar in ta zauna a ciki, tana ƙera wani abu nata da ke ta bubbuga motar daga ciki ba tare da kowa ya aiko ba, yana kuma toshe bakin mai cewa a tsaya. A hankali, cikin shekaru, tsiro ya fito. Ta jaddada cewa ba duk mai ƙwayar ke kaiwa nan ba.

Abin nan da cutar ke ƙerawa ta kira shi furotin. Sai na tuna a rediyo ana cewa furotin yana cikin wake da ƙwai, kuma da safen nan ni na saya masa ƙosai a tasha. Na ce, "Likita, mu daina ba shi wake ke nan?" Nan kam ta murmusa. Ta ce sunan ne ɗaya, iri-iri ne ba su ƙirguwa, kada a hana shi abinci sai wanda ta hana.

Da aka zo ɗibar jinin na yi turus. Yaya ya naɗe hannun riga ya ce, "Kai ka ce wa Inna to, ni ban ce ba."

Kafin mu fita likitar ta tambaya ko uwarmu ɗaya. Ta ce dajin ba a ɗaukarsa, amma ƙwayar ana ɗauka ta jini, ta askar wanzami da ba a tsabtace ba, sau da yawa kuma daga uwa zuwa jariri ranar haihuwa, ita uwar ba ta ma sani ba. Ta ce duk gidan mu yi gwaji, wanda ba ya da ita a yi masa rigakafi.

A Samaru muka ci shinkafa da wake. Ɗalibai na teburin gefe rabin zancensu Turanci ne. Kwandastan da ya kai mu Sabon Gari yana ta ihun "mota ya cika", mu mutanen Funtuwa muka kalli juna. A Sabon Gari, kusa da kasuwa, inda buroka, Turancin kasuwa, ta fi Hausa yawa a wasu layukan, na yi nawa gwajin. Ba ni da ita. Aka yi mini allurar farko, aka ce saura biyu. Muka kwana wurin wani mutumin garinmu mai sayar da yadi, washegari aka yi hoton, aka ce mu dawo jin sakamako.

Da muka iso gida Inna ta tambaya, ban yi mata ƙarya ba. Ta daɗe tana kallon hannun Yaya inda aka liƙa auduga.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, mun yi ta tsoron allura alhali abin tsoron ya daɗe a cikin jini. Amma maganar haihuwa har yau na kasa gaya mata. Ina roƙon masu karatu abu biyu. Wanda ya san inda ake yi wa manya wannan rigakafi a kusa da Funtuwa ya sanar da ni. Wanda kuma ya taɓa kai mahaifiyarsa irin wannan gwaji, don Allah ya gaya mini da wane lafazi ya fara, yadda ba za ta ji kamar ita ta ba ɗanta ciwon ba.