Shanyar Kaka

Maƙwabciyata ta soya gabu ɗazu, ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni ina wanki. Sai da na ajiye sabulun na zauna.

A ƙauyenmu da ke kusa da dam ɗin Zobe, Kaka, mahaifiyar babanmu, ba ta da lambu ko kadada guda. Amma duk rani, in masu noman rani suka cire albasa suka yanke lawashin suka watsar, sai ta ɗaura zane ta ɗauki buhu. Ni nake bin ta da kwando. Lawashi, fasasshen tumatir, ɓawon albasa, duk abin da aka bari a gefen kwamin lambu, nata ne. Lawashin ta daka ta dunƙula ya zama gabu, tumatirin ta yanka ta shanya, ɓawon kuwa ta dafa wa mai tari. Ka san zafin bazara a bakin dam; ƙafa na ƙuna, kai na ƙuna, ita kuwa tana duƙe tun hantsi.

Ina aji huɗu 'yan ajinmu suka fara kirana jikar mai tsintar bola. Suna toshe hanci in na zauna. Ban faɗa wa kowa a gida ba.

Wata Laraba Kaka ta baza aikin sati uku a kan falalen dutsen bayan gida, ta ce in tsare, za ta gaisuwar rasuwa Karofi. Awakin unguwa suka zo. Sanda na hannuna. Na zauna ina kallonsu har suka cinye, abin da ba su ci ba suka tattake.

Da ta dawo ta daɗe tsaye tana duban dutsen.

"Barci ya ɗauke ki, 'yar nan?"

Na ce, "E, Kaka."

"To, rana ce. Tashi ki sha ruwa."

Washegari ta koma lambun ita kaɗai, alhali an riga an kwashe albasa, sai ruɓaɓɓen saura. Kwana shida tana zuwa, abin da ta haɗa bai cika ƙwarya biyu ba. A na bakwai wani mai jaki ne ya kawo ta, bayanta ya riƙe. Daminar nan miyar kuka lami muka sha har aka yanke gero, ƙannena suna ture kwano. Kaka ba ta ƙara miƙewa sosai ba har Allah ya karɓi abinsa, ni kuma ban taɓa gaya mata idona biyu ba.

Yanzu ina aure a Kurfi, nawa bayan ma ya fara ciwo. Autata tana karatu a Dutsin-Ma. Watan jiya ta zo da ledoji cike da ɓawon albasa da na mangwaro, wai aikin makaranta ne. Ta ce suna auna wasu sinadarai da ke kare jiki daga lalacewa, kuma sau da yawa sun fi yawa a ɓawon da ake zubarwa. Na ce mata ai kakata har ƙwallon mangwaro take fasawa, ta jiƙa cikin, ta yi gari da shi.

Yarinyar ta zabura ta jawo biro.

"Inna, kwana nawa take jiƙawa kafin baurin ya fita? A rana take shanyawa ko a inuwa?"

Shekara nawa ina tsugune gefen tsohuwar nan, amma kullum fuskata na waje, ina duba ko wani ɗan ajinmu zai wuce. Tsararrakinta duk sun tafi, lawashin ma yau dabbobi ake zuba wa ko a bar shi ya ruɓe.

Ta jira, biron na sama.

Na ce, "Rubuta ba a sani ba."