Littafin Rabe

Malam Ma'aruf na Kusada ya yi shekaru yana wa almajiransa wa'azi ɗaya: duk wanda ya sa sunansa a kan aikin ilimi ya ci ladansa tun a duniya. Shi kam ko waƙa ya tsara, sai dai ya rubuta "wani bawan Allah". Mu maƙwabtansa mun ji wannan magana har ta gundure mu.

A zamanin Turawa aka soma gasar littattafai duk shekara a lardi. Wanda ya ci a ba shi riga da agogo, a kuma buga littafinsa. Malam yana da wani littafi kan cututtukan gero da dawa, wanda ya daɗe yana tattarawa daga bakin manoman Yashe. Amma da ajami ya rubuta, masu gasa kuwa boko suke so. Sai ya kai wa Rabe na Kafinsoli, mai juyin littattafai, wanda ya ɗan taɓa elementare a Kankia.

Rabe ya juya tsaf. A ƙarshe, kamar yadda kowane mai juyi yake yi, ya rubuta: "An gama da hannun Rabe ɗan Kabo." Alƙalan gasa suka duba gaba suka duba baya, sunan da suka gani ke nan. Littafin ya ci gasa, aka ba Rabe riga da agogo.

Tsakani da Allah, Rabe ya yi abin da ya kamata. Ya zo har zaure da rigar a ninke, gaban almajirai, ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, wagga riga taka ce. Ka ce mani in koma in gaya masu."

Malam ya dubi rigar, ya dubi almajiran da suka haddace wa'azinsa.

"Mi zan yi da ita? Sa abinka."

Rabe kuwa ya sa. Duk ranar kasuwar Kankia sai ya sa, agogo na leƙowa daga aljihu. Hassada ta ci Malam har ya rame. Ya daina bin layin masu dawa don kada su haɗu, ya ce aikin wuyan rigar ma na banza ne, alhali ba wanda ya tambaye shi.

Da aka buga littafin, manoma suka riƙa zuwa wurin Malam ya warware musu wuraren da suka shige musu duhu. Yana warwarewa, yana cizon leɓe. Ranar jana'izarsa na ji wani dattijo yana yabonsa da zuciya ɗaya: "Allah ya jiƙan Malam. Kaf ƙasar ga ba wanda ya kai shi gane littafin Rabe."