Ranar da 'Yan Paris Suka Ji Hausa

Ƙanena yana aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons da ke gefen Lyon, kuma tun zuwansa Lyon ya ɗora wa kansa wasan besbol. Ni ina Paris ina karanta labarai a rediyo, sai in na samu hutu nake hawa jirgin ƙasa in je in kalle shi tsugune a ƙasa, fuskarsa cikin ragar ƙarfe. Aikinsa ke nan a ƙungiyarsu, mai cafke. Wani yana jefo ƙwallo daga tsakiyar fili, abokin hamayya yana tsaye da kulki yana jiran ya doke ta, ƙanena yana bayansa don ya cafke in kulkin ya kuskure. Shi ne kuma yake zaɓa wa mai jifa irin jifan da zai yi. Duk wasan ya rataya ne a kan kada mai kulki ya san abin da ke zuwa.

A ko'ina da yatsu ake yin wannan ishara. Su kuwa mai jifansu wani ɗalibi ne Badamagare da ke karatu a Bron, nan kusa da Lyon, hannu kamar majajjawa, amma idonsa ba ya rabe yatsu daga nesa, tabarau kuma gumi ke rufe shi. Sai suka koma baki. Ƙanena ya ce "barkono", ƙwallo ta zo da zafi. Ya ce "kunu", ta zo a sanyaye. Ya ce "lauje", ta lanƙwashe. Da babbar murya yake faɗa, daidai kunnen mai kulki, tunda ba mai jin Hausa a filayen nan sai su. Da haka suka yi ta cin wasa har aka fara maganar kofi, su da ba a taɓa sa su a lissafi ba.

Ƙanena yana son kofin nan fiye da yadda ya yarda ya faɗa. Gwiwoyinsa sun gaji da tsuguno, likita ya riga ya gaya masa kakar nan ce ta ƙarshe.

Shugaban ƙungiyar kuwa wani ɗan Tahoua ne, ma'aikacin ofis, bai taɓa riƙe kulki ba sai don hoto. Iliminsa na besbol a waya ya same shi, wajen kallon wasannin Amurka. Can ya ga cewa manyan ƙungiyoyi in sun hango kofi sukan yi musayar mai jifa ana tsakiyar kaka, sai abin ya shiga ransa. Mutanen da kowa ke wanke rigarsa ta wasa da kansa, su ma sai sun yi musaya. Ya ji labarin wani dogon Bafaranshe a wata ƙungiyar Paris, wanda ya taɓa wasa a ƙasar waje, aiki kuma zai dawo da shi Lyon. Ya buga waya ya ce yana son sa, ya kuma miƙa musu Badamagare a madadinsa. Shi Badamagare da aka gaya masa cewa benci ne rabonsa in ya zauna, ya tattara kayansa ya koma gidan kawunsa a La Courneuve, gefen Paris.

Ina gidan ƙanena ranar da Shugaba ya zo ba da labari, muna cin abincin rana.

"Malam, ka sa mu a rediyonku," ya ce da ni. "Musayar da ba a taɓa irinta ba a yankin nan."

"Shugaba, wa ya ce maka muna ciwo da ka kawo mana magani?" in ji ƙanena.

"Kai dai tsuguna ka cafke. Tunani namu ne na buro, mu masu ofis."

"Buron da ke cikin but ɗin motarka?"

Shugaba ya yi dariya, ya ƙara shinkafa.

A gaskiya dogon ya iya jifa, idonsa kuma garau, da yatsu ma da sun wadatar. Amma Shugaba ya ce a'a, Hausa ce makaminsu na sirri, sirrin da ya riga ya ba kowane mai sayar da shawarma a Bron labarinsa. Aka zaunar da dogon aka koya masa kalmomi uku, ya haddace, suka ci gaba da cin wasa. Shugaba ya fara zuwa fili da kwat.

Wasan da zai raba gardama ya faɗo a Paris, kuma da ƙungiyar nan da aka ba Badamagare. Na samu wuri a bencin 'yan kallo, kusa da inda 'yan Paris ke zaune. Ga shi can cikinsu yana goge tabarau, ba ma shi ne zai fara jifa ba.

Ƙanena ya tsuguna ya ce, "Kunu!"

Mai kulki, wani jan saurayi mai gemu, ya saki kafaɗa ya jira ta kamar mai jiran bas, ya ɗauke ta har bayan shinge. Na biyu ya shigo. "Lauje!" Bai ko motsa ba, ya bar ta ta lanƙwashe ta fita waje. A bencinsu na ji wani yana tambayar na kusa da shi da Faransanci, wanne ne barkono kuma, aka ce masa mai saurin. Lafazinsu bai da kyau, amma fassarar ba kuskure. Na yi aiki da masu fassara da ba su kai su ba.

Sai da 'yan Paris suka yi nisa ƙanena ya gane. Ya tsayar da wasa, ya taka wurin dogon, ya rufe baki da safar hannu ya ce su juya ma'anar, kunu ya zama mai zafi, barkono mai sanyi. Mutumin da bai daɗe da haddace kalmomin ba, yanzu an ce ya birkita su ana tsakiyar wasa. Ƙanena ya ce kunu yana jiran zafi, ta zo a sanyaye. Ya ce barkono ya saki jiki, ta zo ta doke shi a ƙirji ta gangara, wani ɗan Paris ya ruga ya ƙara ci. Daga baya suka koma yatsu, abin da kowace ƙungiya a duniya ke yi, dogon kuma ya yi jifa mai kyau har ƙarshe. Sai dai tazarar ta riga ta fi ƙarfinsu.

Da aka tashi Badamagare ya tsallako ya gaishe mu, har da rusunawa.

"Ina gajiya, Yaya?" ya ce da ƙanena.

"Kai ne malaminsu?"

"Sun tambaye ni ne. Ni na ɗauka kun canza tun ranar da na tafi. Wallahi da na ji ka ce kunu, kunya ce ta kama ni."

Ƙanena ya sunkuya yana kwance maɗaurin gwiwa a hankali.

Na raka su tasha. Shugaba yana gaba da kwat ɗinsa yana bayani cewa musayar ba ta da laifi, harshen ne ya tsufa, baɗi da Zabarmanci za su yi, ya ma san wani yaro a Niamey. Ƙanena yana baya yana ɗingishi. Da muka iso bakin jirgi ya miƙo mini jakar kayan wasansa, ragar fuska da sulken ƙirji da duka.

"Yaya, ajiye min a wurinka. Gidana ba wuri."

Gidansa ya fi nawa girma. Jakar tana nan bayan ƙofata, bai sake tambayarta ba.