Na Kai wa Dogo Gurmin Baba

Talata: Ɗambatta zuwa Kano

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar Ɗambatta, alhali jirgina sai ɗaya na rana zai tashi daga Kano. Yayata Hajiya Gambo ce ta tsara haka, kuma tun rasuwar Baba babu mai yi mata musu a gidanmu. Kayana jaka ɗaya ce, sai gurmin Baba da ta naɗe da hannunta a cikin tsohon bargo, ta ɗaure da igiya kamar za a kai shi kasuwa.

Baba makaɗin gurmi ne duk rayuwarsa. Kafin ya rasu bara ya bar wasiyya guda ɗaya: a kai wa Dogo gurminsa. Dogon nan Ba'amurke ne farar fata, mai kaɗa jita, wanda ya zo garinmu sama da shekara talatin da suka wuce, ya zauna a zaurenmu damina ɗaya da rani ɗaya yana koyon gurmi. A wurin makaɗa, babban yaron maigida ne ke gadon kayan kiɗansa, Baba kuwa ya ce Dogo ne babban yaronsa. Ni ɗan cikinsa ban koya ba. A lokacin ina makarantar horon malamai, ina ji da kaina, ina jin kunyar a kira ni ɗan makaɗi.

A bakin mota Yaya ta riƙe mini hannun riga.

"Habu, wasiyya ba a wasa da ita. Amma ka sa shi ya kaɗa a gabanka. In ba ka ji hannun Baba ba, ka dawo mana da abinmu. Ba za a rataye shi a bango ana nuna wa baƙi ba."

Na ce to. Gaskiyar magana, addu'ata ita ce Allah ya sa Dogo ya manta komai. Gurmin nan shi kaɗai ya rage mana da ke ɗauke da ƙanshin Baba, kuma ba na son rabuwa da shi.

Shingen 'yan sanda biyu muka wuce, babu wanda ya tambayi abin da ke cikin bargo. Shida da rabi muna filin jirgi. Na yi awa shida a kan benci ina kallon masu shara.

Laraba: Washington

Awa biyar muka yi zuwa Addis Ababa, muka canza jirgi, sannan aka shiga doguwar tafiyar da har na daina duba agogo. Gurmi yana kan cinyata mafi yawan hanya. Abincin jirgi ba shi da laifi, sai dai an raba shi a 'yan kwanoni kamar za a ba marar lafiya.

Da hantsi muka sauka. Wani jami'in kwastan, baƙar fata mai ƙiba, ya sa na kwance bargon. Ya juya ƙwaryar, ya ƙwanƙwasa fatar da yatsa, ya tambayi ta wace dabba ce. Na ce akuya. Ya ce abin yana kama da banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya da kakansa ke da shi, ko zan ɗan kaɗa masa ya ji? Na tsaya riƙe da gurmi kamar wanda aka miƙa wa jaririn wani. Na ce ban iya ba, na mahaifina ne. Ya yi murmushi ya ce shi ma bai iya banjo ba, ya sallame ni. Na ji kunya ƙwarai, kuma ban ji daɗin samun abokin kunyar ba.

A waje Alhaji Laminu yana jirana. Mutumin Damagaram ne, shekara ashirin yana garin Greensboro, kusa da inda Dogo yake, yana tuƙin babbar mota, surukin wani abokin aikina ne. Yana ganina ya ce:

"Bakano ke nan. Jaka ɗaya da bargo. Me ka kawo mana mu saya?"

"Alhaji, ko sayarwa nake ai ba zan ba Badamagare bashi ba."

"Bon," ya ce da Faransancinsu, "shiga mu tafi, kafin trafik ya kama mu."

Kusan kilomita ɗari biyar ne zuwa Greensboro, muka yi su a awa biyar da rabi. Hanya sumul, itatuwa dama da hagu, babu mai tsai da kai ya ce ka kawo takardu. A wani gidan mai a jihar Virginia muka yi azahar da la'asar a bayan mota, Alhaji ya sayo mini shayi a kofin takarda dala biyu, wanda ban ga madara a cikinsa ba sai labarinta.

Alhamis: Gate City Boulevard

Gidan Alhaji yana bene na biyu a wani rukunin gidajen haya da ke gefen doguwar hanyar da ake kira Gate City Boulevard. Shagunan kayan abinci na 'yan Afirka da na Asiya, filayen sayar da motoci, gidajen cin abinci, duk a jere har inda ido ya ƙare. Matarsa Hajiya Rabi ta yi mini tuwon shinkafa da miyar kuka, da daddawar da ta ce daga Maraɗi aka aiko mata. Na ci na ƙara, na daina jin tausayin mutanenmu da ke Amurka.

A nan na gane Dogo sananne ne a wurinsu. Ba ya rasa bikin suna, yana zuwa da jitarsa da babbar riga da ta tsaya masa a gwiwa.

"Hausarsa irin ta tsofaffin ƙauye ce," in ji Hajiya. "Rannan ya tambaye ni ko an yi girbi lafiya. Na ce Malam Dogo, ni a asibiti nake aikin shif."

Alhaji ya ba ni sauran labarin. A duwatsun yammacin jihar da suke zaune aka haifi Dogo, kakansa mai kaɗa banjo ne a bikin manoma. Ya koyi jita a coci, sannan a wurin wani tsoho baƙar fata maƙwabcinsu, wanda ya gaya masa cewa banjo daga Afirka bayi suka zo da shi. Wannan magana ce ta hana shi zama. Ya yi shekaru yana kiɗa a gidajen rawa yana tara kuɗin jirgi, ya bi Senegal da Mali da Nijar yana neman dangin banjo, har ya faɗo zaurenmu. Bayan mu ya je Indiya, ya je Brazil, ya fitar da faya-fayai da dama. Bai yi arziki ba, in ji Alhaji, amma duk mai kaɗa jita a yankin nan ya san shi. Yanzu ya tsufa, koyarwa yake yi a gida.

Juma'a: Summerfield

Bayan an sauko daga masallaci, ƙarfe uku daidai, muka nufi arewa zuwa Summerfield, inda Dogo yake. Minti ashirin da biyar ne. Gari ya ƙare, aka shiga filaye masu shingen katako, dawaki suna kiwo babu mai tsaronsu. Gidan Dogo ƙarami ne, na katako, a ƙarshen wata hanyar tsakuwa.

Yana tsaye a ƙofa. Tsawon yana nan, amma gashin ya yi fari fat, bayan ya ɗan ranƙwafa. Kafin in gama fitowa daga mota ya durƙusa har ƙasa, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Ɗan maigida, sannu da hanya. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan maigida."

"Amin, Yaya Dogo. Don Allah tashi, ka girme ni."

"Tashin ne aiki," in ji shi. Sai da ni da Alhaji muka kama shi.

Ɗakinsa cike yake da kayan kiɗa, jita ta fi goma, banjo, garaya, da wasu masu dogon wuya da ban san sunansu ba. Da yawa a rataye suke a bango. Na duba su da kyau, na ji raina ya yi sanyi, na ce a zuciyata Yaya ta yi gaskiya, da abinmu zan koma.

Ya kawo mana shayi da gyaɗa soyayya. Ya tambayi mutanen Ɗambatta ɗaya bayan ɗaya, rabinsu sun rasu, yana ta salati. Ya tuna mini yadda nake wuce su a zaure da littafi a hammata, ba na ko kallonsu.

"Maigida yakan ce, ƙyale shi, bature ne. Ni kuma ina zaune a ƙasa ina cin tuwo da hannu."

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya. Ni ma na yi, ba don ta yi mini daɗi ba.

Sannan na kwance bargon. Dogo bai taɓa gurmin nan da nan ba. Ya je ya wanke hannu, ya sauka daga kujera ya zauna a ƙasa, sannan ya karɓa da hannu biyu. Na gaya masa wasiyyar Baba, na kuma gaya masa sharaɗin Yaya, ban ɓoye komai ba.

"Gambo ba ta canza ba," ya ce. "To, bismilla."

Ya ɗaure tsirkiya, ya gwada, ya ƙara ɗaurewa. Ya fara da kiɗan noma wanda Baba ke buɗe kowane wasa da shi. Na sunkuyar da kai ina jiran kuskure. Sai na ji wani ɗan jan sauti a tsakiyar kiɗan, kamar muryar mutum ta ɗan karye kafin ta miƙe. Duk makaɗan gurmin da na ji a rediyo da wajen biki babu mai yin wannan sai Baba. Na ɗaga kai na dubi hannunsa na hagu.

Yatsan da ke kusa da ɗan ƙaramin a lanƙwashe yake, ya manne a tafin hannu, ba ya taɓa tsirkiya ko kaɗan. Na tsakiya ne ke zamewa ƙasa yana yin aikin biyu, daga nan jan sautin ke fitowa.

"Yaya Dogo, me ya sami yatsanka?"

Ya tsaya. Ya miƙe yatsan ya motsa shi, lafiyarsa ƙalau.

"Babu komai. Haka ake riƙon gurmi. Haka maigida ke yi. Sai da na yi wata uku ina ɗaure shi da zare kafin ya saba."

"Ka tambaye shi dalili?"

"Yaro yana tambayar maigida dalili? Kallo na yi, na kwaikwaya."

Dariya ta taso mini tare da hawaye, na rasa wadda zan fara.

"Baba yana ɗan shekara tara igiyar guga ta fizge masa yatsan nan a bakin rijiya. Mai ɗori ya ɗora shi a karkace. Har ya rasu bai taɓa miƙewa ba. Ba salon kiɗa ba ne, karaya ce."

Dogo ya dubi hannunsa ya daɗe. Fuskarsa ta yi ja har kunne.

"Shekara talatin," ya ce a hankali. "Duk ɗaliban da na koya wa gurmi haka na koya musu. Akwai wata farfesa a California, akwai wani a Japan. Na rubuta a bayan faifai cewa wannan shi ne riƙon Hausawa na asali."

Alhaji Laminu ya kwanta a kan kujera don dariya yana share ido. "Wato Bakano ya karye a rijiya, mutumin Japan yana jinya."

Dogo bai yi dariya ba tukuna. Ya ce, "Ya gan ni da zare a hannu wata uku. Me ya sa bai gaya mini ba?"

Na yi tunani. Wataƙila abin dariya ya ba shi, don Baba akwai tsokana. Wataƙila kuma daɗi ya ji, a ce ga mutum ya tsallako teku yana son ya zama shi har da abin da ya nakasa, alhali ɗansa na wucewa da littafi a hammata. Na faɗa wa Dogo na farkon, na riƙe na biyun.

"To bari in gyara," ya ce.

Ya buɗe yatsan ya sake ɗaukar kiɗan daga farko. Gwani ne, cikin minti biyu yatsan ya sami wurinsa. Sauti ya fito tas, kowane a mazauninsa, babu ja babu karyewa. Kiɗa ne mai kyau, irin wanda za ka ji a kowane gidan biki daga Kano har Damagaram. Amma sai na ji kamar Baba ya fita daga ɗakin.

Na kai hannu na dafa tsirkiyar, kiɗan ya tsaya.

"Yaya Dogo, lanƙwashe shi."

Ya dube ni, ya lanƙwashe. Ya kaɗa har rana ta yi sanyi, ina zaune a ƙasa kusa da shi inda ya kamata in zauna tun ina saurayi. Na yi kuka sosai, ban ɓoye ba. Da muka tashi tafiya na ninke bargon na sa a hammata, na bar gurmin a cinyarsa.

Komawa gida

Na ƙara kwana huɗu a Greensboro. Kullum da hantsi Alhaji kan ajiye ni a Summerfield, ya ɗauke ni da la'asar. Ranar Laraba ƙarfe huɗu na asuba muka kama hanyar Washington, Alhamis da azahar na sauka a Kano. Direban tasha ya cika mu shida a baya da tsakiya, muka isa Ɗambatta ana kiran la'asar.

Yaya Gambo tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dubi hannuna, ta ga babu komai, ta ajiye faifan.

"Ka ji shi?"

"Na ji shi, Yaya. Har yatsan."

Ba ta gane ba sai da na zauna na ba ta labari. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe a haka.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina godiya ga Alhaji Laminu da Hajiya Rabi, da suka riƙe Bakano mako guda ba su gaji ba. Dogo kuwa ya ce zai rubuta wa ɗalibansa ya gaya musu gaskiyar rijiya, amma na roƙe shi kada ya ce kowa ya miƙe yatsa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.