Kwamfutar da Sai-Ƙarti Ya Zaɓa

Sai-Ƙarti unguwa ke kiransa, kuma matarsa ce ta laƙaba masa sunan. Kafinta ne tun yana saurayi, a wata rumfar kwano da ke bakin titi, tsakanin mai walda da mai faci. Duk abin da ya fito daga hannunsa, gado ne ko kujera ko ɗan benci, sai an nemo ƙarti kafin a ɗaga shi. In mai saye ya yi ƙorafi, sai ya buga katakon da tafin hannu ya ce, "Har jikokinka sai sun gaji da shi." Kuma gaskiyarsa, ba a taɓa dawo masa da kujera ƙafa a karye ba. A wurinsa abin da ba shi da nauyi yaudara ce kawai.

Matar, Malama, a firamare ta koyar har ta yi ritaya. Ita ta zaunar da shi bayan aurensu ta koya masa karatun boko a kan murfin akwati, tana dungure masa kai in ya juya harafi. Mace ce mai baki, Allah Ya sani. Daga kicin za ta yi masa faɗa, ta yi wa 'yarsu Auta faɗa, ta leƙa taga ta gyara wa yaran maƙwabta magana. Shi kuwa sai dai ya ce, "To, Malama," ya ci gaba da abin da ya ga dama.

Sai ga shi rana ɗaya ciwo ya shanye mata ɓarin dama, ya tafi da bakin gaba ɗaya. Gidan ya yi tsit, har ƙarar firiji ake ji. Hankalinta na nan daram, idanunta na bin kowa, amma in ta buɗe baki sai wani sauti ya fito wanda ita kanta ke jin kunyarsa. An ba ta biro a hannun hagu, yatsun suka kasa riƙewa. Akwai abin da take so ta faɗa, kowa ya ga haka. Takan kama rigarsa ta yi ta ƙoƙari har hawaye su zubo, shi kuma ya yi ta canka: "Ruwa? Filo? Zafi kike ji? In kira Auta?" Ta girgiza kai, ta juya fuska bango. Wannan juya fuskar ita ke cinye shi.

Ma'aikaciyar asibitin da ke zuwa motsa mata gaɓoɓi ce ta kawo shawara. Ta ce yatsa ɗaya na hagu yana da ƙarfi, in aka samu gilashin da ake rubutu a kai da yatsa, Malama za ta iya zana manyan haruffa. Auta, wadda ke aiki a ofis kuma ta daɗe tana son kwamfutar gida, ta ce ai akwai mai aiki biyu: a buɗe ta a yi bugu, a naɗe ta baya ta koma allo. Ranar da aka shirya zuwa saye ba a ba ta izini a wurin aiki ba.

"Baba, don Allah marar nauyi," ta ce tana sa takalmi. "Wadda Umma za ta iya juyawa da hannu ɗaya."

"Na ji."

"Baba, marar nauyi fa na ce."

"Ke, ni za ki koya wa zaɓen kaya?"

Shagon sanyi ƙalau, ga fitilu, ga kwamfutoci a jere kan tebur kamar faranti. Mai shagon ya yi ta zuba bayani, wannan ƙwaƙwalwarta kaza, waccan batirinta kaza. Sai-Ƙarti bai gane ko ɗaya ba, kuma girma ya hana shi cewa bai gane ba. Sai ya koma ga abin da ya sani. Ya ɗauki ta farko, ya auna ta a tafi, ya taɓe baki. Ya buɗe, ya rufe, ya naɗe ta baya, yana kallon wurin lanƙwasawar, wanda shi yake kira gwiwa. Da ɗan yatsa take juyawa.

"Wannan ai wasan yara ce. Wata biyu gwiwar ta saki."

"Baba, ita ce ta fi dacewa da marar lafiya," in ji mai shagon. "Ko a kwance za a riƙe ta."

"Ɗana, kafin a haife ka nake sa wa ƙofa ƙarfe. Miƙo waccan."

Waccan ɗin ƙatuwa ce mai jikin ƙarfe, gwiwarta sai da ya sa hannu biyu kafin ta juya. Nan ransa ya kwanta. Malama ta sha wahala, ba zai kai mata abin banza ba. Abin da ya faɗa wa kansa ke nan, kuma har zuciya yake nufi. Ya rungumo kwalin zuwa gida yana jin nauyinsa a ƙirji, yana jin daɗi.

Auta na ɗaga ta ta kalle shi. Aka ɗora wa Malama a cinya. Ta sa hannun hagu za ta buɗe, ta ƙi buɗuwa. Ta tura da gwiwar hannu, kwamfutar ta zame za ta faɗi. Aka naɗe mata ita, aka jingina, nauyin ya danne mata ƙafar da ba ta iya janyewa.

"Gobe a mayar a canzo, Baba. Kar ka taɓa komai a jikinta."

Ina! Kafinta ne fa. Ƙofa in ta yi tauri ba a mayar da ita, sassauta ta ake yi. Washegari Auta na fita ya ɗauko ƙaramin sukudireba da 'yar kwalbar mai. Ya ɓare wata 'yar takarda da ke manne a kan kusa, ya kwance murfin, ya sassauta gwiwar, ya ɗiga mai, ya mayar. Sai ga gwiwa ta saki gaba ɗaya, fuskar kwamfutar ba ta tsayawa, da an sake ta sai ta kife. Ya ɗauka da sauri ya koma shagon. Mai shagon ya duba wurin takardar da aka ɓare, ya shinshina man, ya riƙe baki.

"Haba Baba! Wa ya aike ka? Da ba ka buɗe ba wallahi da na canza maka. Yanzu ko kamfanin ba zai karɓa ba."

Sai-Ƙarti ya tsaya yana juya hula a hannu. Shi da bai taɓa roƙon kowa ba, ranar ya yi roƙo, bai yi amfani ba.

Da la'asar ya zauna a bakin gadon da ya ƙera da hannunsa, ya kunna kwamfutar yadda Auta ta nuna masa, ya riƙe fuskar da hannu biyu a gaban Malama. Hasken na ɗan rawa, yana ɗaukewa yana dawowa. Ta ɗaga yatsa. A hankali, a karkace, haruffan suka fito manya-manya, shi kuma yana haɗa su da baki yadda ta koya masa: Sai-Ƙarti. Ɓarin bakinta mai rai ya ɗan motsa. Dariya take masa! Ya yi dariya shi ma, hawaye na bin gemunsa.

"Na yarda, Malama, ni ne. Faɗi abin da kike so, ina riƙe."

Ya goge gilashin, ta sake farawa. Ina. So. Ka. Ta huta, ta ɗaga yatsa za ta ci gaba, sai fuskar ta yi baƙi. Ya danna, ya jijjiga, ya hura mata iska, ya sa a wuta. Shiru. Man ya shiga inda bai kamata ba, ko kuwa ya datse wata waya, shi dai bai sani ba.

Malama ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta jawo hannunsa, ta buɗe tafin a kan bargo, ta fara zana sauran maganar da yatsa. Tafin da ya yi shekaru yana riƙe zarto da guduma, duk ya yi kanta, ko tsinin ƙusa ba ya ji. Ya zuba ido ya bi yatsan, idon ya cika da ruwa, bai kama ko harafi ɗaya ba. Ta gama, ta ɗago tana jiran amsa.

"To, Malama," ya ce.

Ta san wannan "to" ɗin tun farkon aurensu. Ta saki hannun, ta juya fuska bango.